Muryar Inna a Cikin Tsohuwar Waya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya sa albarka a nemanka, ya tsare ka a inda kake. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi har tana takowa da kanta ta gaishe da Baba. Kawu ya bar tuƙi saboda idonsa, yanzu sai zaman ƙofar gida da gyara wa masu wucewa tafiya. Yarana suna can gida wurin babansu, ranar Asabar yake kawo mini su in gan su. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne domin duk sanda ka kira, Baba na zaune a gefena, ba na iya cewa komai sai lafiya lau.

Saƙonka ya iso makonni uku da suka wuce. Gilashin wayar ya zo lafiya, ko tsagewa bai yi ba, na kuma san ka sha yawo kafin ka samo shi. Allah ya saka da alheri. Sai dai, Yaya, bai yi ba, kuma ina so in yi maka bayani a tsanake don kada ka ɗauka sakaci ne.

Ka tuna wayar, ai kai ka aiko wa Inna ita a shekarar da aka fara yin wayoyin da ake shafa fuskarsu. Ranar da ta iso maƙwabta suka cika ɗaki suna kallon wayar da ba ta da maɓalli sai guda ɗaya a ƙasa, Baba yana ta tsokana wai an cuce ka, an sayar maka da madubi. Inna ba ta taɓa iya kira da ita ba, sai dai a kira ta. Abu ɗaya ta koya, shi ne danna jan ɗigon nan na ɗaukar murya. Na faɗa maka tun bayan rasuwarta Baba ba ya samun natsuwa sai ya ji muryarta da ta bari a wayar, musamman da mantuwa ta yi masa yawa. Abin da na ɓoye maka shi ne, duk maganganun da ke ciki da kai take yi. Guda arba'in da uku ne. Ita a zatonta in ta danna ta yi magana, saƙon ya tafi wurinka ke nan. Shi ya sa take yawan cewa yaron nan ba ya ba ta amsa, mu kuma muna ce mata ai ya kira jiya. Ban faɗa maka ba don na san yadda za ka ji. Ka yafe mini.

Tun watanni huɗu da suka wuce rabin fuskar wayar na ƙasa ya daina jin yatsa. Sunayen maganganun suna jere daga sama zuwa ƙasa, biyar na sama kawai nake iya taɓawa, ba na iya jawo sauran. Da gilashinka ya zo, na roƙi Goggo ta zauna da Baba awa biyu, na tafi wurin mai gyaran da kowa ke yabo, wanda ake kira Mai Tabarau. Shagonsa a ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, mutum biyu ba sa iya tsayuwa a ciki. Akwai fitila mai lanƙwasa a kan teburinsa da aljihunan tebur cike da matattun wayoyi. Da ya ga tamu sai ya yi dariya, ya ce rabonsa da irinta tun yana koyon aiki, ya kamata ya miƙe ya gaishe ta.

Ya ɗora gilashinka a kanta, tsawo da faɗi suka yi daidai, har na fara hamdala. Sai ya buɗe ta ya duba cikinta. Ya ce wayar nan fita biyu aka yi mata, ta gaba ba ka bambance su. Ta farko, wato tamu, bayanta ƙarfe ne, ba ta da wurin sa katin ajiya, batirinta kuma an liƙe shi da dalma. Ta biyu bayanta roba ne mai ɗan tudu, tana da wurin kati a gefe. Naka na ta biyun ne. Ya nuna mini 'yar siririyar igiyar da ke haɗa gilashi da injin wayar, tamu mai faɗi ce tana shiga ta hagu, taka siririya ce tana fitowa ta tsakiya. Ya ƙara da cewa ko a cikin ta farkon ma akwai mai ƙaramin ciki da mai babban ciki, ba lallai kayan ɗaya su hau ɗaya ba, kuma lambar da za ta raba gardama tana rubuce a bayan wayar. Muka juya ta a ƙarƙashin fitila. Hannun Inna ya goge rubutun sarai, ƙarfen ya yi sumul.

Na tambaye shi ko za a iya kwashe maganganun a zuba a kwamfuta. Ya gwada igiyoyin haɗi uku masu faɗin baki irin nata, ya ce haƙoran wurin cajin sun yi tsatsa, wuta kawai suke karɓa. Da mai kati ce, in ji shi, da cire katin kawai zai yi ya miƙo mini, amma a tamu komai yana cikin injin. Batirin kuma ya kumbura, shi ne yake tura gilashin daga ciki har ya kashe rabinsa. Canza shi sai an sa wuta kusa da inda ajiyar take, ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyin ba sai da yardar masu ita gaba ɗaya. Ya mayar da tsohon gilashin ya rufe. Da na kunna, wurin da ke jin yatsa ya ƙara tsukewa, bai fi faɗin yatsu biyu ba. Biyar ɗin nan sun koma uku. Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuwa na san ba laifinsa ba ne, ni na ce a buɗe.

Za ka ce me ya hana in ɗauki muryar da tawa wayar. Na yi, Yaya. Na kara ta a bakin sifika na ɗauki biyar ɗin tun kafin a buɗe. Da na kunna wa Baba sai ya ture hannuna, ya ce wannan wata mata ce take kwaikwayon matarsa. Shi dole sai ya riƙe waccan ta Inna, ya ji nauyinta da sanyin ƙarfen a tafinsa. Batirin ba ya riƙe wuta ko na minti biyar, don haka na jawo kujerarsa zuwa lungun da soket yake, bayan ƙofa. Nan yake wuni, igiyar caji ba ta kai kamu uku ba. Ni ma nan nake wuni, domin ni kaɗai na san inda ake dannawa da gefen ɗan yatsa ta amsa. Goggo ta gwada, Kawu ya gwada, ta ƙi. In aka ɗauke wuta wayar ta mutu, sai ya dube ni ya tambaya ina Inna ta tafi, wa ya ɓata mata rai. Ranar da na je wurin mai gyara na dawo na tarar ya fita tsakar gida ba takalmi yana nemanta, Goggo na biye da shi tana kuka.

Shugabar makarantarmu ta riƙe mini ajin da nake koyarwa har zango biyu. Makon jiya ta aiko cewa ba za ta iya ƙara jira ba, na ce ta ba wani. Ban faɗa wa kowa ba sai kai. Baban yara bai taɓa yi mini gori ba, amma ƙaramar tawa ta fara kiran ƙanwarsa Mama, a gabana ta yi. Wata bakwai ke nan ban kwana a ɗakina ba. Ba na ƙin hidimar Baba, Allah shaida ne. Sai dai wani lokaci ina tsayawa a bakin ƙofar gida da mayafi a hannu, in kalli titi, in ji ya kira ni, in koma.

Ukun da suka rage na haddace su. A ɗaya tana ce maka ka riƙa sa rigar sanyi, a ɗaya tana ba ka labarin akuyar da ta cinye mata shanya tana dariya har da tari. A ta ukun ta yi sallama, ta kira ka da sunan da ita kaɗai take kiranka, ta ce tana da wata magana amma bari ta sauke tukunya ta dawo. Ban sani ba ko ta dawo a ta gaba. Ina ganin sunan ta gaban a rubuce, yatsana ba ya isa gare ta.

Don haka kada ka sake aiko da gilashi, ko ka samu mai bayan ƙarfe. Mai Tabarau ya ce batirin ba zai kai ƙarshen shekara ba, dole a zaɓa, ko a sa masa wuta a gwada sa'a, ko a bar shi ya mutu da kansa. Ba zan yanke wannan ni kaɗai ba, maganganun naka ne. Ka nemi hutu ka zo. Ka zauna a lungun nan kusa da Baba ka ji ukun da kunnenka tun suna nan, zan koya maka inda ake dannawa. Ni kuma in je gida ko na mako ɗaya ne, in yi wa 'yata kitso.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce ina godiya da maganin da ta sa a cikin saƙon. Ka shafa mini kan takwarar Inna da Ƙaramin Baba. Goggo da Kawu suna gaishe ka, baban yara ma haka. Na ce wa Baba ina rubuta maka takarda, ya ce in faɗa maka ka riƙa ba uwarka amsa. Allah ya jiƙan Inna, ya ba Baba lafiya, ya kawo ka lafiya.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Auta