Kukan Motar Uzairu

Talata, 26 Oktoba 2010

Yau Uzairu ya kwana arba'in. An yi sadaka, an watse. Huda matarsa ta ba ni wannan littafi, ta ce in riƙa zuba abin da ke raina tunda ba na gaya wa kowa. A aji huɗu na tsaya, rubutuna a karkace yake. Ba mai karantawa dai.

Boksinsa, motarsa mai buɗaɗɗen baya, tana nan gindin darbejiya, inda ya ajiye ta ranar da ya kwanta. Shekara shida mutanen gari suna ce mani motar nan ce ajalinsa. Ashe zazzaɓin kwana uku ne, bisa tabarmata, ko takalmi babu a ƙafarsa.

Yaya Mati ya tsaya bayan baƙi sun tafi. Ya ce, "Kulu, a san abin yi da motar nan. Da ita gidan nan ke ci." Huda ta ce abin da Inna ta yanke shi ke nan. Bilyamin, autana, shi kaɗai ya rage mani, shi ma haka ya ce. Sun ɗora mani sun koma gefe.

Alhamis, 28 Oktoba

Bilyamin ya tayar da motar da safe. Ina tankaɗe. Ban san lokacin da na miƙe ba, gari ya zube. Na ɗauka Uzairu ne.

Asabar, 6 Nuwamba

Ni ban san ƙarfe ba. Abin da na sani, lokacin da Uzairu ya sayo ta tana tafiya irin ta kowa. Sai ya cire mata salansa ya sa wani bututu mai faɗin baki. Ya fitar da kabureta, abin da ke shayar da inji fetur, ya sa babba ta wata mota. Ya rage sifirin har cikinta ya kusa sharar ƙasa. Da safe ya kai matan gari kasuwar Sinja da ayabarsu da tumatir, ran Juma'a bayan la'asar kuma ya hau kwalta su yi tsere da samari. Yakan ce, "Inna, zuba shayi, kafin ya huce na taɓo Abu Na'ama na dawo." In ce Allah ya shirye ka.

Tun daga mararraba ake jin kukanta. Duk garin nan babu mota mai irin muryarta. Da na ji sai in ɗora jabana, ɗan tulun gahawa, bisa gawayi, kafin ya yi sallama gahawa ta tafasa.

Yanzu Bilyamin ya kama hanyar. Yau ta mutu masa sau biyu. Tumatirin Bilkisu, ɗaya daga matan da yake ɗauka, ya wuni a rana, sai da ta zubar da rabi. Ta zo gaishe ni ba ta ce komai ba. Da ma ta yi faɗa.

Litinin, 8 Nuwamba

Ta sake tsayawa. Amma ta iso kafin magariba, na ji ta, na ɗora jabana.

Juma'a, 12 Nuwamba

Yaya Mati ya zo da Usta Audi, makanikin Sinja da Uzairu ya yi koyo a hannunsa. Wai akwai wata boksi irinta, shekararsu ɗaya, ba a taɓa mata komai ba, yadda ta fito haka take. Mai ita yaro ne ɗan tsere, ya daɗe yana sha'awar ta Uzairu, ya yarda a yi musaya.

Usta Audi ya ce, "Hajja, waccan ba ta da gudu, ba ta da suna. Amma kowane makaniki a bakin hanya zai buɗe ta ya gane. Wagga kuwa doki ce mai ubangiji ɗaya. Tana shan fetur kamar ana zuba wa yashi, in an yi mata lodi cikinta ya daki ƙasa. Ta wasan Juma'a ce, ba ta kullum ba."

Na ce Uzairu ai kullum yake hawanta.

Ya ce, "Shi kowace safiya sai ya shiga cikinta da sukurdireba kafin ya karya. Ke shaida ce."

Ni shaida ce. Amma na ce a'a. Na ce ba zan zauna ina jin wani yaro yana wucewa bisa kwalta da muryar ɗana ba. Yaya Mati ya ce, "Muryar ɗanki ko muryar bututu?" Na tashi na shiga ɗaki. Bilyamin bai ɗaga kai ba, yana ta tsinke bakin tabarma.

Laraba, 17 Nuwamba

Jiya Babbar Sallah. Ban ci nama ba, ya ƙi wucewa.

Sambo abokin Bilyamin ya dawo daga arewa, wajen haƙar zinariya. Ya rame, ya yi baƙi, amma da sabon agogo. Sun wuni a rumfa. Na ji yana cewa, "Kai, ya zol, mutumina, har yaushe za ka yi ta tura mota da ƙwai a baya?" Suka yi dariya. Dariyar Bilyamin ba ta yi mani daɗi ba.

Ɗan Habiba maƙwabciyarmu ma can ya tafi bara. Rami ya rufta da su, ba a kawo ko rigarsa ba. Sambo bai ba da wannan labari ba.

Lahadi, 28 Nuwamba

Na ce zan bi Bilyamin Sinja in ga likitan ido. Gaskiya so nake in zauna inda nakan zauna. Kujerar tana ƙamshin man da Uzairu yake shafa wa kansa, ko kuma ni ce nake jin haka.

Da muka hau kwalta ya taka ta kaɗan, ta yi wannan ruri, ƙirjina ya buɗe. Na rufe ido. Wallahi na ɗan lokaci babu abin da ya faru, ba wanda ya mutu.

Ba mu yi nisa ba ta fara tari, ta tsaya. Mata shida a baya da kwandunansu. Babu inuwa. Bilyamin ya buɗe gaba ya tsaya yana kallo, hannunsa bisa ƙugu. Na ga bai san inda zai taɓa ba. Wata ta ce, "Da mai ita ne da tuni mun sayar mun dawo." A hankali ta faɗa, amma ya ji. Wuyansa na gani, ya sunkuya.

Wata babbar mota ta ja mu har garejin Usta Audi. Ya kira ni, ya ce in zo in gani da idona. Wayoyi ne cunkushe, kowace an ɗaure ta da tsumma, wata ja, wata shuɗi, wata ƙulli biyu. Ya ce alamu ne, Uzairu kaɗai ya san ma'anarsu. Na duba da kyau. Tsohon zanena ne mai furen ja da shuɗi, wanda ya roƙe ni shekarun baya, na ce ɗauka ai ya mutu. Na sa yatsa na taɓa. Duk maiƙo.

Usta ya ce, "Na gyara yau, gobe wani wuri ne. Da kayanta na asali suna nan da na mayar mata, ta koma mutum. Irin nasu sun yi wuya yanzu, na jabu ne a kasuwa. Marigayi bai ce maku inda ya kai su ba?"

Bilyamin ya ce, "Ya sayar mana. Uzairu yana ajiye abu?"

Ni na yi shiru. Ban je wajen likita ba.

Talata, 30 Nuwamba

Bari in rubuta ko a nan ne. Kayan suna ƙarƙashin gadona. Buhu uku da wani dogon ƙarfe naɗe cikin tsohuwar tabarma, can jikin bango. Uzairu ne ya shafe su da baƙin mai ya tura su da kansa. Ya ce, "Inna, ki ajiye mani. Ranar da na tsufa na yi tumbi zan mayar mata da hankalinta."

Bai tsufa ba.

In na fito da su, Usta zai mayar da salansa. Mota za ta zauna a gida, amma ta yi shiru. Ni kuwa abin da ya rage mani ke nan, wannan ɗan lokaci daga mararraba zuwa ƙofar gida, kafin in ga fuskar wanda zai fito. Na san Bilyamin ne. Kunnena ne bai sani ba.

Allah ka yafe mani. Wace irin uwa ce ke jin zuciyarta ta faɗi in ɗanta mai rai ya yi sallama.

Litinin, 6 Disamba

Matan sun koma motar wani ɗan Abu Na'ama. Bilkisu ce ta ƙarshe, ta zo har gida ta ba ni haƙuri. Yau Bilyamin ya je Sinja da buhun gawayi biyu da akuya ɗaya.

Da ya dawo ya zauna kusa da ni ya ce, "Inna, Sambo zai koma ran Asabar. Zan bi shi." Na ce motar fa? Ya ce, "Ki bar ta gindin itace, kina ganinta. Zan ce wa Yaya Mati ya riƙa tayar maki da ita kina ji." Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da na samu abin cewa.

Na ce, ka san abin da ya sami ɗan Habiba. Ya ce, "Uzairu a tabarmarki ya mutu, Inna."

Laraba, 8 Disamba

Ya wanke kayansa ya shanya. Riga uku. Na zauna ina kallonsu har suka bushe.

Alhamis, 9 Disamba

Huda tana tsefe mani kai. Tana cikin takaba, ba ta fita, ta zama kamar inuwa a gidan. In ta gama za ta koma wajen iyayenta a garin Hajj Abdalla, na san haka, ba mu taɓa maganar ba.

Can ta ce, "Inna, ni nake share ɗakinki."

Ta ci gaba da tsifa. Ta ce, "Ni kullum in na ji ta tana zuwa toshe kunne nake da mayafi. Ban faɗa ba saboda ke."

Wata uku tun rasuwarsa muna gida ɗaya, abin da nake jira kowace yamma shi ne abin da ke yanka ta. Ban lura ba. Ban lura da kowa ba.

Juma'a, 10 Disamba

Bayan Bilyamin ya tafi masallaci muka ja buhunan ni da Huda. Nauyi kamar gawa. Gizo-gizo ya yi gida a kansu. Muka jera su tsakar gida.

Da ya dawo ya tsaya a kansu. Ya buɗe ɗaya ya duba, ya rufe. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun farko. Na jira faɗa. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakina, ya ce, "Ranar nan a gareji kina tsaye." Na ce ina tsaye.

Ya ƙi cin abinci.

Asabar, 11 Disamba

Sambo ya tafi shi kaɗai. Bilyamin ya ce ba fasawa ya yi ba, zai gani zuwa damina. Ya loda buhunan, ya tayar da ita. Na fita ƙofar gida na tsaya. Na bi ta da kunne har mararraba, har ta hau kwalta, har na kasa rarrabe ta da iska. Ina jin ya taka ta sosai a can. Ko don ni ya yi, ko don haushi, ban sani ba.

Yau ne na binne Uzairu. Wancan karon mutane sun yi yawa.

Lahadi, 19 Disamba

Ta dawo. Ta ɗaga sama kaɗan, ta yi tsit kamar baƙuwa. Usta Audi ya aiko mani da tsummokin a leda, ya ce wataƙila zan so su. Na wanke, maiƙon ya ƙi fita. Na sa su inda buhunan suke. Wurin ya yi faɗi.

Bilyamin yana gaishe ni, amma a taƙaice.

Alhamis, 30 Disamba

Kwana goma sha ɗaya ba ta tsaya ba. Mata uku sun dawo, har da Bilkisu. Tana tsokanarsa wai yanzu jaki ma yana wuce su. Ya ce jakin ya kai ta Sinja mana.

Ba abin da ya warke. Huda saura mata wata guda. Jakar Bilyamin tana rataye a ƙusa, bai kwance ta ba, damina kuma tana zuwa. Da yamma garin shiru, har yanzu nakan tsinci kaina ina karkata kunne wajen mararraba.

Sai dai yau ina tsince shinkafa na ji wani ɗan ƙara, siriri, kamar kukan tsuntsu. Birkinta ne, haka yake yi in ta karyo kwanar gidan Habiba. Ban san na riƙe shi ba. Na ga dai na riga na ɗora jabana.

Ya shigo ya ga tana tafasa. Ya ce, "Wa ya gaya maki na iso?" Na ce ba kowa, gawayin ne ke ƙonewa a banza.

Ya sha kofi biyu.