Tayoyin da ka sa wa motar babanka

Auta, na tafi asibiti awon jini, ban tashe ka ba.

Na ga tayoyin da ka sa wa motar babanka. Gwanjo ne, an shafe su da baƙin mai suna ƙyalli kamar takalmin ango. Na tura tsinken ashana cikin zanen, yadda marigayi yake yi, ko kan bai shige ba. Wai araha! Mai facin nan ya ga sakarai ne. Babanka kan ce taya mai santsi ranar ruwa take karɓar cikon kuɗinta.

Ka kira mai facin ya zo ya kwance tarkacensa. Makullin motar yana wurina, ba mai kai min jikoki makaranta a kansu. Gawa ɗaya ta ishe ni bana.