Abin da Lachlan Ya Gani a Ɗakin Wanki

Yaya Elspeth,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da yara kuna lafiya. Wani da aka sallama yau ne zai jefa miki wannan a gidan waya, don a gidan yarin nan ana buɗe wasiƙu.

Tam Geddes ya rasu, tsohon nan da muke ɗaki ɗaya. Sun ce santsi ya kwashe shi a ɗakin wanki. Ba santsi ba ne, Yaya. Ina bayan inji ina ninke zannuwa lokacin da wani fursuna, Kerr, ya riƙa buga kan Tam da bango, don ya ƙi ɓoye masa ƙwaya a katifa. Kerr ne ke juya ɓangarenmu, ba mai ɗaga masa ido.

Jiya a layin abinci ya dafa kafaɗata ya ce, "Mutumina, yaya shagon burodin yayarka? An ce ita kaɗai take rufewa." Ya zuba min dankalinsa a faranti. Na cinye.

Mai bincike zai zo makon gobe. Zan ce ban ga komai ba.

Ki gaishe min da yara.
Ƙanenki,
Lachlan

*

Lachlan,

Muna lafiya. Saƙonka ya iso, ba zan maimaita abin da ke ciki ba.

Wani ya shigo shago ranar Talata, bai sayi komai ba, ya tambayi sunan 'yata.

Duk da haka na je jana'izar Tam. Mu biyar ne har da limamin coci. Matarsa Ishbel ta riƙe ni a bakin coci ta ce, "Sun ce a buge yake ya faɗi. Shi da ya daina sha tun kafin a kama shi! 'Yata, ya sha wahala?"

Na rufe shagon. Ni da yara muna wani wuri da ba zan rubuta ba. Abin da za ka yi, kai ka sani, amma kada ka fake da ni.

Allah ya tsare min kai.
Elspeth

*

Yaya,

Na gaishe ki. Na faɗa wa mai bincike duka. Sun mayar da ni ɗakin kaɗaici, wai don tsarona. Ta bututun ruwa yaran Kerr ke kiran sunana, suna min barazana.

Ki gaya wa Ishbel bai sha komai ba. Ki kuma ce mata nan take ya cika. Na biyun ba gaskiya ba ne, amma ki faɗa mata haka.

Naki,
Lachlan