Hannu a Aljihu, Layi na Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Watana biyar ke nan a ɗakin kyamara. Yau don rashin abin yi na sake auna shi: taku huɗu a tsaye, uku a kwance, babu taga. Allo goma sha biyu a gabana, oba-oba ta kiran mai gadi a hannun dama, sai fankar da kukanta ya fi iskarta yawa. Duk faɗin kantin nan a ƙarƙashin idona yake, amma ni ko rana ba na gani sai an tashi.

Aikin bai canza ba. In na ga wanda ban yarda da take-takensa ba, in kira Dogo mai gadin ƙofa, in ce layin kaya kaza, shi kuma ya bi. Sannan in cike fom da biro: lokaci, layi, kamanni, abin da aka gani.

Manaja ta leƙo ta ce ba a taɓa yin mai ido irin nawa a kujerar nan ba. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Kantin Turawa ne a ƙasarsu, ni kaɗai ce baƙar fata a hawan sama. Sauran namu duk suna ƙasa, masu shara da masu jera kaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Sati biyu da yi wa Baba aikin ido, kuma zaman gida ya fara isarsa. Tsohon malamin makaranta da ba shi da aji, ai sai ya sa yarana a gaba. Ya kwashe littattafansu yana duba rubutu, wai kaza ce ta bi ta kai. Haka ya yi mana muna ƙanana, da rula a hannu.

Ya gaya wa maƙwabcinmu wai, “Uwata ce ke tsare da kantin nan gaba ɗayansa.” Ni ce Uwatan, tun da sunan mahaifiyarsa na ci. Kunya ta kama ni, amma daɗi ya fi yawa.

Da muna cin abinci ya ce, wai ta yaya kike gane ɓarawo daga sama? Na ce ido ne yake koyo, Baba. Ya ce to wa ya koya wa idon? Na yi dariya na ce Baba ke nan, ba a aji muke ba.

Asabar, 8 ga Maris

Ruwa tun safe. Kira huɗu, ba a samu komai ba. Bayana ciwo.

Talata, 11 ga Maris

A banɗakin ma’aikata nake rubuta wannan.

Sha ɗaya da kwata, layi na bakwai, wajen turare da man shafawa. Wani mutum da rigar ruwa, ya ja hularta ya rufe kai. Daga sama ba a ganin fuska, sai kai da hannu. Na ga hannun. Ya ɗauki kwalba ya kai ta dab da fuskarsa, ya ajiye, ya ɗauki wata, ya waiga, sai ya zura hannu a aljihu. Wallahi ban yi tunani ba, yatsana ne ya danna. Na ce Dogo, layi na bakwai. Har na cike fom ina jin kaina wata gwana.

A bakin ƙofa Dogo ya tsayar da shi. Layin masu biya duk sun juyo. Mutumin ya fara fito da abin da ke aljihunsa yana ajiyewa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya: hankici, kwalbar maganin ɗigawa a ido, gidan tabarau. Sai ya tuɓe hular ya ɗaga kai.

Innalillahi. Baba.

Rigar ruwan baban yara ya ara. Tabarau yake lalube don ya karanta jikin kwalba. Kyamarar ƙofa ba ta ɗaukar magana, amma na ga bakinsa, na ga yana nuna sama da yatsa. Daga baya Dogo ya shigo yana dariya, wai tsohon cewa ya yi ’yarsa tana aiki a nan, kowa aka tare sai ya ce yana da wani a ciki.

Ban sauka ba. In rubuta shi a fili: ban sauka ba. Na zauna ina kallon mahaifina yana mayar da hankicinsa aljihu, ya ninke shi sau biyu tukuna kamar yadda ya saba.

Laraba, 12 ga Maris

Turare Baba ya je saya mini, wai ya ba ni mamaki a wurin aiki.

Ya ba da labarin sau uku, muryarsa ko rawa ba ta yi. Shekara talatin da biyar yana koyarwa, ko allin makaranta bai taɓa tafiya da shi gida ba. Baban yara ya yi ta faɗa, wai mutanen nan ba za su taɓa ganin mu da mutunci ba, da ya ga wanda ya yi kiran sai ya gane kurensa.

Baba ya ce, “Na san Uwata ba ta kan kujera lokacin. Wani farar fata ne da bai taɓa zama da irinmu ba. Ba na jin haushinsa sosai, jahilci ne.”

Na ce mu biyu ne muke karɓa-karɓa, Baba. Gaskiya ne mu biyu ne. Ɗayan sai ƙarfe biyu yake zuwa.

Na ture kwanon na tashi.

Juma’a, 14 ga Maris

Akwai allon katako a bangon ɗakin nan, a gefen allunan kyamara, an manna hotunan waɗanda aka taɓa kamawa. Awa takwas kullum suna kallona ina kallon su, amma sai yau na tsaya na duba su da kyau. Ashirin da shida ne. Ashirin da uku kalar fatata.

Da can cewa nake yi, kash, namu ne ke ja mana. Yau na jawo fom ɗina na wata biyar na baje a tebur. Kusan kowanne da magana iri ɗaya ya fara a wurin kamanni. Kuma layin ƙarshe, mafi yawansu, “ba a samu komai ba.” To in mu kaɗai ake bi, hoton wa zai hau bango?

Babu wanda ya taɓa ce mini ki bi baƙar fata. Ko sau ɗaya. Wanda ya koya mini aiki tsayar da hoto kawai yake yi ya ce, kin ga irin wannan, a sa ido. Manaja kuma ta ce ki bi abin da zuciyarki ta gaya miki. Na bi kuwa.

Akwai wata tsohuwa mai farin gashi da jaka mai kyau, kullum sai ta daɗe a layi na bakwai. Wata biyar ban taɓa matso da kyamara kanta ba. Ban ce tana ɗaukar komai ba. Ban sani ba ne, don ban taɓa dubawa ba.

Na tambayi Dogo ko ya lura da su wa yake bi. Ya ce, “Ni dai wanda kika turo ni nake bi, ranki ya daɗe.” Da wasa ya faɗa.

Abin haushi, ni ce fa nake riƙe rasit a hannu a fili duk kantin da na shiga, har sai na fita titi. Na san yadda ido yake a ƙeya. Oh ni.

Lahadi, 16 ga Maris

Baba ya rubuta takardar ƙorafi. Shafi ɗaya, ya ja layi da rula, babu gogewa ko ɗaya. Bai zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi: me aka gani a jikinsa?

Ni ya ba in kai. Ya ce, “Ke ta ciki ce, za su ji kunyarki.”

Litinin, 17 ga Maris

Na saka takardar Baba a akwatin ƙorafi kafin kowa ya zo, kamar ni ce ɓarauniyar.

Da rana Manaja ta kira ni ofis, fuskarta a sake. Ba ta san mahaifina ba ne, sunan baban yara nake amfani da shi a nan. Ta ce kar in damu ko kaɗan, wannan mai sauƙi ne. Za ta amsa cewa ma’aikacin da ya yi kiran shi ma baƙar fata ne, saboda haka zancen wariya bai ma taso ba. Har da dafa kafaɗata. Wai shi ya sa take alfahari da samuna a ɗakin nan.

Sai yau na gane amfanina. Ashe ba ido kawai aka ɗauka aiki ba, har da fata.

Na ce ko za a cire wannan jimlar? Ta ce haba, ai shi ne duk amsar. Kuma doka ce a haɗa da kwafin fom, amma za a shafe sunana da baƙar tawada.

Na buɗe baki in ce mahaifina ne. In na faɗa, za ta ba shi haƙuri don ni, gobe kuma a tare mahaifin wata. In ban faɗa ba, ga shi nan. In bar aikin kuma, wa zai zauna a kujerar, me zai canza? Duk ta inda na juya bango ne. Na ce to, na gode, na koma ɗakina.

Alhamis, 20 ga Maris

An aika wa Baba amsar. Tun da an shafe suna, shi ke nan. Sau nawa zan gaya wa kaina haka?

Asabar, 22 ga Maris

Amsar ta iso da hantsi, ina wanke-wanke. Baba ya zauna kusa da taga, ya sa tabarau, ya kai takardar dab da idonsa. Shafin farko bai daɗe a kai ba. Na biyun, kwafin fom ɗin, ya fi minti goma yana riƙe da shi. Ina ta cuɗa tukunya ɗaya da ta riga ta fita.

Baban yara ya ce me suka ce? Baba ya ninke ta ya ce, “An amsa.”

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wawuya! Suna suka shafe. Rubutun fa? Mutumin da ya riƙe hannuna ya koya mini jan kowane harafi, wanda yake gane rubutun ɗalibinsa bayan shekara ashirin.

Bai ci abincin rana ba. Da zai nemi ruwa, “ke” ya ce mini.

Litinin, 24 ga Maris

Baba ya sa baban yara ya sayo masa igiyar rataya tabarau a wuya. Baba da yake cewa wannan na ’yan gayu ne. Ƙaramar ’yata ta tambaye shi ta mece ce, ya ce, “Don kar in ƙara sa hannu a aljihu in wahalar da ma’aikata.”

Na jira yara suka tafi makaranta. Na durƙusa a gabansa na ce Baba, ni ce. Kuka ya ƙwace mini. Na ce hula ce, na ce daga sama ba a ganin fuska, da na san kai ne—

Ya ɗaga hannu. Ya ce, “Da kin san ni ne ba za ki kira ba, na sani. Wannan ai ba shi ne ya hana ni barci ba. Da mahaifin wata ne fa?”

Ya ciro takardar daga ƙarƙashin matashi, ya nuna da yatsa. Ya ce rubutuna bai lalace ba, ya ji daɗin wannan. Amma in duba abin da na fara rubutawa. “Baƙar fata.” Kafin tsoho, kafin kwalba, kafin aljihu. Ya ce, “Ni na koya miki in za ki ba da rahoto ki fara da abin da ya faru. Me ya faru, ’yar nan?”

Na ce ba abin da ya faru, Baba.

Ya ce to.

Na gwammace ya mare ni. Na makara a wurin aiki da minti arba’in.

Laraba, 26 ga Maris

Ba wani labari. Na gyara zaman kujera, na ɗan juya ta gefe, hotunan bangon sun koma bayan kafaɗata. Wuyana ne yake ciwo, shi ya sa.

Wajen sha biyu wani mutum, namu, a layi na uku, ya sa hannu a aljihu. Yatsana har ya hau kan oba-oba, shi da kansa, kamar ba nawa ba. Na danne shi da ɗaya hannun. Na jira. Takardar cefane ya ciro. Na yi ta zufa kamar na yi gudu.

Kira ɗaya na yi yau, bayan na ga kaya ya shiga riga da idona. A fom na fara da abin da ya faru, wurin kamanni na rubuta kalar riga da takalmi kawai. Manaja ta dawo da shi, wai na manta wani abu. Na ce ban manta ba. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma tsoro nake ji, in faɗi gaskiya.

Da na dawo gida Baba yana bakin taga yana duba littafin babban ɗana. Bai ɗago ba ya ce, “Uwata, a samo mini shayi.”

Na tsaya a kicin har ruwan ya tafasa ya ƙone rabi. Da na kawo, ya sa hannu biyu ya karɓa. Igiyar tana nan a wuyansa.