Baƙin Man da Ka Bari

Zuwa ga Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma gidan ya yi mini tsit, kuma in ban sami abin da hannuna zai riƙe ba, ina jin fita zan yi titi ba mayafi.

Sani ya tafi Tsafe da motarka tun hantsi, har yanzu bai dawo ba. Shi motar ta faɗo wa a rabon gado. Ya je ɗauko ƙanwarsa Balki da 'ya'yanta, don 'yan bindiga sun aika wa ƙauyen mijinta saƙo, mutane sun watse sun taru cikin Tsafe. Kai ka fi kowa sanin hanyar nan, kai da ka tsufa kana jigila a kanta. Kai ne kake cewa mota ta lalace ko'ina a duniya, ban da tsakanin Gusau da Tsafe.

Malam, maganar baƙin manka ce.

Ka tuna yadda kake da mai? Wuri ɗaya kake saye, mai kauri, wai tsohon inji ba ya son mai ruwa-ruwa. Sai ka juya jarka ka duba murfin ko an taɓa buɗe shi. Na kwalabe da ake jerawa bakin titi cikin rana kuwa, ko kyauta aka ba ka ba ka karɓa. Sannan ka kawo mini jarkokin har cikin ɗaka ka tura ƙarƙashin gado, ina mita, ina cewa tufafina sun koma warin gareji. Ko a jikinka.

Ranar da ka rasu, 'yan'uwana na Bungudu suka cika gida. Aka kwashe kayan ɗaki don a sami wurin shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarma. Jarkokinka aka kai bayan madafa, daidai ƙarƙashin indararo. Ni ina takaba, ban ma san inda kaina yake ba. Wanda ya gansu kuma sai ya ce kayan mamaci ne, ba a taɓawa sai an raba gado. Haka suka sha ranar bazara, suka sha damina gaba ɗaya, muna ta tsare maka su da girmamawa.

Jiya Sani ya yi wa motar juyen mai da man jarkokin nan. Da ka ga fuskarsa! Yana ta murna wai man Babansa ne, ba shi da na biyu a garin nan. Ni ma na tsaya ina sa masa albarka.

Yau bayan ya fita na ɗauki tsintsiya na zagaya bayan madafa. Na ɗaga jarkar da ya zazzage, sai na ga murfin ya tsage, rana ta cinye shi. Sauran man da ke ƙasa ya yi fari-fari kamar koko. Na ɗiga shi a ludayin ƙarfe na kara a wuta, yadda na sha ganin kana yi idan ba ka yarda da mai ba. Malam, tartsatsi ya riƙa yi har ya ƙona mini hannu. Ruwa ne a ciki.

Na kira Sani, na sake kira, wayar ba ta shiga. Na aika tasha, direbobin da suka shigo sun ce sun wuce motoci a tsaye a hanya, amma wa zai tsaya ya duba ta wane ce? Wani ya ce in kwantar da hankalina, inji ba ya bugawa rana ɗaya.

Gaya mini, irin wannan man yana kai mota Tsafe ya dawo da ita? Da yara a kujerar baya? Kai kaɗai zan yarda da amsarka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk ranar da ka kama hanyar nan, ban iya cin abinci sai na ji ƙarar motarka a kwanar Tudun Wada. Kana shigowa sai in ɗaure fuska in kama faɗan cefane, don kada ka gane. Tsoro nake ji, Malam, kullum. Yau ya fi na kullum.

An kira la'asar. Zan tashi in yi salla in koma bakin ƙofa. Ina roƙon Allah Ya dawo mini da su. In kuwa an ƙaddara yaron nan ya riga ni zuwa inda kake, don Allah kada ka yi masa faɗa a kan bai duba man ba. Bai ga abin dubawa ba ne, tunda naka ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.

Taka, mai jira,
Kulu