Catnina Ba Ya Buƙatar Gyara

Litinin, 2 ga Yuni

Na buɗe shagon. Wanda bai so ba ya je ya kai ƙara.

An gama addu'o'in mijina Sookdeo, an sauke rumfar makoki, dangi sun kwashe ragowar abinci sun watse. To ni bango zan zauna ina kallo? Da safe Balgobin, ƙanensa, ya zo yana sosa ƙeya. Wai, "Bauji, matar yayana, ke da ko warin giya ba kya so, yaya za ki tsaya a kanta?" Na ce kwalba ce, buɗewa ake yi, ba haihuwa ba ce. Sai ya fito da abin da ya kawo shi. Ginin gado ne, rabi nasa, kuma wani mai gyaran taya daga garin Penal yana son wurin. Ya ba ni zuwa ƙarshen Yuli. Idan masu shan giyar daren Juma'a ba su dawo ba, zai ba da haya.

Wai ya ba ni! Yaron da na tarar yana yawo ba wando lokacin da aka kawo ni gidan nan.

Giya ko'ina akwai ta a garin nan namu na Barrackpore. Catnina, haɗin nan da ake tsoma ƙosai a ciki ana shan giya, shi ke kawo maza shagon nan, kowa ya sani. Tun ina amarya nake yinsa a kicin na baya, Sookdeo ya ɗauki kwalaben ya shiga da su. Mai buɗe giya ne ya rasu. Mai catni tana nan daram.

Laraba, 4 ga Yuni

Ɗanyen mangwaro cikin kwando. Na fere, na goga, na matse har yatsuna suka yi fari. Tafarnuwa, attaruhu, ganyen bandaniya mai ƙamshi, jan sukari. Na dafa tsamiya ta yi kauri. Na gasa kwakwa a kan wuta har gefenta ya yi baƙi, sannan na niƙa a dutse, don ni ban yarda da injin nan ba. Na ɗanɗana na mangwaron da gurasar roti mai zafi. Daidai, kamar kullum.

Hannuna aka yi wa takaba ne?

Juma'a, 6 ga Yuni

Shago ya cika maƙil. Kowa da gaisuwarsa, kowa da "Tanti Phul, sai haƙuri." Na soya ƙosai da rogo da ƙananan kifi, na jera catni kala uku. Buɗe kwalba ma ba wuya, sau ɗaya kawai kumfa ta wanke mini riga.

Sai Aldwyn ya ɓata komai. Tsohon direban bas ɗin nan, abokin wasan dominon Sookdeo, mai baki kamar reza. Ya tsoma ƙosai a na mangwaro, ya tauna, ya kurɓi farar giyarsa, ya yamutse fuska. A gaban kowa fa! "Mis Phul, wannan ai jam ne, zaƙi zalla. Kawo burodi da shayi."

Na ce, "Aldwyn, ga ƙofa. Idan ka sake taka ta, da ruwan barkono zan tarbe ka." Ya ɗauki hularsa ya ce gaskiya ya faɗa. Na ce ya tafi da ita gida ya ci da burodi.

Asabar, 7 ga Yuni

Jam. Ni ya ce wa jam.

Juma'a, 13 ga Yuni

Mutane sun ragu. Ruwan sama ne, ba wani abu ba.

Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Tanti, hannunki na nan yadda yake." To in yana nan, me ya sa faranti ke dawowa da catni an tura shi gefe? Kowa kwalba ɗaya, sai ya duba waya, sai ya tuna matarsa na jiransa. Mazan da a da sai Sookdeo ya kore su da tsintsiya! Daga ƙofa ina hango su suna shiga sabuwar mashayar mahaɗar titi, mai ƙatuwar talabijin.

Talata, 17 ga Yuni

Na gane. Mangwaron bana ne ya fi tsami. Na ƙara sukari.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na kama Rawle mai walda yana kankare farantinsa a ƙarƙashin tebur wa karen layi. Karen ma ya shinshina ya juya. Rawle ya ce wai cikinsa ne ba daɗi. Na ce to ka bar giyar mana, tunda ciki ne. Ya yi dariyar yaƙe ya biya ya fice.

Na tsamiya ne kaɗai ya ƙare, tsofaffi biyu masu shan baƙar giya suka share shi har da lashe cokali.

Shi kuwa Aldwyn ya sami wurin zama a bakin kwalbatin tsallaken titi, da kwalbarsa da ya sayo a mahaɗa. Duk na leƙo sai ya ɗaga mini ita. Tsoho da shi, ba kunya.

Laraba, 25 ga Yuni

Balgobin ya kawo mai taya da tef ɗin awo. Suna auna bangona, ina raye! Na fito da dutsen niƙa a hannu, sai mai taya ya tuna yana da aiki a Penal.

Balgobin ya tsaya yana lallashi. "Bauji, ko kurɓa ɗaya ki yi, ki ji yadda suke haɗuwa a baki." Na ce na ga abin da kwalba ta yi wa babana, na yi alkawari a haikali, ɗakin ibadarmu, tun ina yarinya, kuma ba zan karya shi don ginin bulo ba. Zan sayar, ba zan sha ba, kuma ba zan tashi ba. Ya ce duka uku ba za su yiwu ba. Na ce ya zuba ido.

Amma bayan ya tafi na zauna a kan akwatin kwalabe na daɗe. Tsoro nake ji. A nan kaɗai zan faɗa.

Asabar, 28 ga Yuni

Kasuwar Debe. Ina cinikin attaruhu sai ga murya a bayana. "Mis Phul, a nan ma an hana ni tsayawa?" Na ce kasuwa ta kowa ce, har da marasa tarbiyya.

Ya ce ya yi shiru ne saboda alkawari, amma ba zai zauna ya ga shagon abokinsa ya koma wurin facin taya ba. Na ce ya faɗi abin da zai faɗa, kifina na narkewa.

Sai ya faɗa. Wai kullum idan Sookdeo ya shiga da kwalabena, kafin ya buɗe ƙofar gaba, sai ya durƙusa bayan kanta ya juye na mangwaro a kwano. Ya matse lemun tsami, ya barbaɗa gishiri, ya yanka ɗanyen attaruhu, ya juya, ya mayar cikin kwalbata ya goge bakinta. Kullum. Tun shekarar da aka kawo ni.

Na ce ƙarya yake. Ya ce, "Ke da roti kike ɗanɗanawa, mu da giya muke ci. Giya mai sanyi tana kashe harshe. Idan zaƙi ya riga ta shiga baki, sai ta koma kamar ruwan wanke-wanke. Tsami da gishiri ne ke sa mutum ya nemi kurɓa ta gaba." Na ce ban tambaye shi lacca ba. Ya ce ya san ban tambaya ba, ban taɓa tambayar kowa komai ba, shi ya sa.

Na bar attaruhun a tebur. Mai kayan ta biyo ni da shi har bakin mota.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na durƙusa bayan kanta. Can ƙarƙashi, bayan akwatin murafu, ga kwanon silba, ga 'yar wuƙa da ta cinye don wasawa, ga gwangwanin madara cike da gishiri da ya dunƙule.

Na shiga falo na tsaya gaban hoton Sookdeo, da furannin da ni na rataya masa. Na wanke shi tas. Munafuki! Matsoraci! Kana zaune ana yabona a bikin mutane, kana gyaɗa kai, ashe dariya kuke yi mini kai da mashayanka? Baki gare ka, me ya hana ka ce, Phul, ƙara gishiri?

Na san me ya hana shi. Sau ɗaya ya taɓa cewa miyata ta yi ruwa, ya yi mako yana cin abinci a gidan uwarsa.

Duk da haka. Munafuki.

Talata, 1 ga Yuli

Na tsare Rawle a garejinsa, na ce ya kashe wutar waldar ya dube ni. Kowa ya sani? Ya ce kowa, har Balgobin. Wai idan sabon mutum ya gani ya tambaya, Sookdeo cewa yake, "Na Phul daidai yake, ba ya buƙatar gyara. Harshenku ne giya ta lalata, shi nake gyarawa. Wanda ya kai mata labari ya nemi wani shagon."

Na ce to da kuka ga yana dawowa a faranti, me ya hana ku magana? Ya ce, "Haba Tanti, kina cikin makoki. Kuma mun ga abin da ya sami Aldwyn."

Tausayi ne zai rufe mini shago. Gara zagi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ba zan taɓa catnina ba. Girkin kakata ne, daga hannunta zuwa na uwata zuwa nawa. Ba mashayi da zai koya mini.

Juma'a, 4 ga Yuli

Kujeru sun fi mutane yawa. Balgobin ya leƙo bai ko shigo ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Ba gyara na yi ba, gwaji ne. Mutum yana da ikon gwaji a kicin ɗinsa.

Na zuba na mangwaro a 'yan faranti, kowanne da irin nasa lemun da gishiri. A bakina duk sun yi tsami kamar hukunci. Amma bakina ba shi ne mai saye ba, kuma ba zan sha abin nan ba, to dole a ari harshe.

Na fita bakin titi na ce, "Kai, mai burodi da shayi! Zo nan." Ya ce ya ji ana maganar ruwan barkono. Na ce a matakala zai zauna, ba ciki ba, dokata na nan. Na buɗe masa farar giya mai raɓa.

Na farko: "Har yanzu ana bikin haihuwa a ciki, zaƙi ya yi yawa." Na biyu: "Lemu ya isa, gishiri na jin kunya." Na uku ya tauna, ya kurɓa, ya sake tsoma rogo, ya sake kurɓa, bai ce uffan ba. Na ce ka yi magana mana, bakinka ya mutu? Ya ce yana aiki.

Na kwakwa kuma wai barkono kawai Sookdeo ke ƙara masa, don ya tsaya wa kifi da farar giya. Na ce na tsamiya fa? Ya ce wannan Sookdeo bai taɓa sa masa hannu ba. Baƙar giya tana da nauyi da ɗaci kamar ƙonannen kofi, zaƙin tsamiya take nema, kuma duk kudu ba mai yin irinsa.

Na ce na sani. Na sa ya maimaita duk da haka.

Ya tashi zai tafi ya ce, "Yana alfahari da ke fa, Mis Phul." Na ce ya biya kuɗin giyarsa.

Juma'a, 11 ga Yuli

Bakin Aldwyn ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa, ya zaga gari da labari. Ba a cika kamar da ba, amma Rawle ya nemi ƙarin ƙosai sau biyu, kuma ba wanda ya tuna matarsa. Karen layi ya kwana da yunwa.

Aldwyn ya shigo ciki. Ni ban ce ya shigo ba, ruwa ne aka fara, ba zan bar tsoho ya jiƙe a matakalata a ce ni na kashe shi ba.

Balgobin ya zauna a ƙarshen kanta ya share farantinsa da yatsa. Na ce ya gaya wa mai tayarsa ya nemi wani bangon. Ya ce, "Bari mu ga Agusta, Bauji." Na ce ka gani da kyau. Da zai fita ya ɗauke mini akwatin kwalabe ya kai baya, ban roƙe shi ba.

A kicin yadda kakata ta yi haka na yi, ban rage ko cokalin sukari ba. Sauran a bayan kanta na yi, a durƙushe, cikin kwanon silba. Harshensu nake gyarawa.

Ɗazu da na rufe na zauna cire 'yan kunne, hannuna ya zo kusa da fuskata. Lemun tsami da ɗanyen attaruhu. Na tsaya cak. Ƙamshin hannun Sookdeo ke nan, duk daren da ya shigo ya dafa kafaɗata ya ce an sake yabon catnina. Ni duk zatona sabulun wanke kofuna ne.

Ban wanke hannun ba. An ɗauke ruwan famfo ne.