Sunan da Ke Saman Nawa

Talata da dare, unguwar Shisha, Makka

Wata uku ke nan ina gyaran ƙaramin jirgin ruwan marigayi Baba, mai filafilin nan da muka ɗauko daga Jidda muka ajiye a tsakar gida. Yau na zo sa masa sabon katako a baki. Ina ɓamɓare tsohon sai ga sunayenmu a ƙarƙashinsa an sassaƙa da ajami, hannun Baba ne sak. Usman, ni ke nan, sai Hadiza, sai Bilal. Amma a saman nawa akwai Sa'adatu.

Na shiga kicin da ƙura a jikina. "Umma, wace ce Sa'adatu?"

Ta ajiye ludayi. "Yayarka ce. Tana shekara uku ta faɗa teku daga jirgin nan, ina da cikinka. Babanka ya rufe, ni kuma na kasa buɗewa. Kalas, ya waladi, shi ke nan, ɗana."

Na koma tsakar gida, sabon katakon ya zauna daidai, amma na kasa buga ƙusa ko ɗaya.

Shekara arba'in Umma tana kiran sunana kai tsaye, ba kunyar ɗan fari. Ni kuwa na ɗauka zaman Makka ne ya canza ta.